Yadda ake zaƙulo kalmomin da mutanen yankinka ke rubutawa a Google idan suna neman irin sana'arka

Mai gyaran firiji idan ka tambaye shi aikinsa zai ce maka yana canza kwamfiresa, yana cika gas, yana toshe inda bututu ya huje. Wanda firijinsa ya lalace kuwa bai san da zaman wata kwamfiresa ba. Abin da ya sani kawai shi ne ƙanƙara ta narke, ruwa ya malale a ƙasa. Sai ya ɗauki waya ya rubuta "firiji ya daina sanyi", ko "mai gyaran firiji kusa da ni". Idan gidan yanar gizon mai gyaran ya cika da maganar kwamfiresa, babu inda aka ambaci firijin da ya daina sanyi, to mutanen nan biyu suna iya zama a layi ɗaya amma ba su haɗu a intanet ba. Neman kalmomin bincike shi ne aikin gano yadda mai buƙata yake faɗin buƙatarsa da bakinsa, sannan a gina shafukan da za su tarye shi a kan hanya. Zan riƙa misali da mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki har ƙarshe, amma hanyar ɗaya ce ga likitan haƙori, da makaniki, da mai ɗaukar hoto, da lauya.

Kafin ka fara, ka san filin da za ka shiga

Rubuta sunan sana'arka a Google ka duba abin da ya fito, daga sama har ƙasa. Yawanci za ka ga tallace-tallacen da aka biya kuɗi a sama, sai taswira da sunayen wuraren kasuwanci uku a ƙarƙashinta, sai kuma jerin shafukan intanet na yau da kullum. A da sunaye bakwai ne ke fitowa da taswirar, a shekarar 2015 Google ya rage su zuwa uku, abin da ya sa cunkoson ya ƙaru. Waɗannan sunaye uku daga Google Business Profile ake ɗauko su, wato rajistar kasuwanci ta kyauta da aka sani da Google My Business kafin a canza mata suna a 2021. Jerin da ke ƙasa kuwa daga gidajen yanar gizo yake zuwa. Kalmomin da za ka tara za su yi maka aiki a wuraren biyu.

Google da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jera kasuwancin yanki: dacewar kasuwancin da abin da aka nema, nisansa daga mai binciken, da kuma shahararsa. Nisa ba ya hannunka, sai dai in za ka tashi. Shahara tana ɗaukar lokaci, domin ta dogara da sharhin kwastomomi da ambaton da wasu shafuka ke yi maka. Dacewa ce kaɗai za ka iya gyarawa a wannan makon, kuma kalmomin bincike su ne kayan aikinta.

Mataki na 1: fara da kunnenka

Mutane da yawa sukan ruga wajen manhajojin lissafin kalmomi tun farko. Ni a ganina wannan juya lamarin ne. Manhaja tana faɗaɗa abin da ka ba ta ne, idan ka ba ta yaren masu sana'a, yaren masu sana'a za ta dawo maka da shi, ninki goma.

Buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, ko ma littafi da biro. Fara jera duk aikin da ake biyanka kuɗi a kansa, kowane ɗaya a layinsa. Kada ka dunƙule su ka ce "gyaran kayan sanyi". Warware su: gyaran firiji, gyaran firiza, cika gas na firiji, kafa na'urar sanyaya ɗaki, wanke na'urar sanyaya ɗaki, cire ta daga wani gida zuwa wani, kwangilar kula da na'urorin ofis. Kowanne cikin waɗannan mutum ne daban yake nemansa, a yanayi daban.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne albarka, kuma shi aka fi tsallakewa. Ajiye littafi kusa da wayar da ake kiranka da ita, ka yi mako biyu kana rubuta jimlar farko da kowane mai kira ya faɗa bayan gaisuwa, daidai yadda ya faɗe ta, ba tare da ka gyara masa ba. "Yana ta ƙara da dare." "Ƙasa na sanyi, sama ba ya yi." "Ruwa ne ke ɗiga a cikin ɗaki." Koma kan tsofaffin saƙonnin WhatsApp da na Facebook ka yi haka. Idan kana da yaran aiki ko mai karɓar baƙi, su ma ka tambaye su, domin sau da yawa su ne ke jin tambayoyin da ake jin nauyin yi wa maigida, musamman maganar kuɗi da tsawon lokacin da aiki zai ɗauka. Mutumin da ya faɗi jimla a waya, kusan ita yake rubutawa a akwatin bincike, sai dai ya gajarta ta.

Akwai wata ma'adana kuma: sharhin da kwastomomi ke rubutawa a ƙarƙashin abokan hamayyarka a taswirar Google. Karanta hamsin ko ɗari daga cikinsu. Za ka ga sunan da suke kiran aikin da shi, da abin da ya faranta musu, da abin da ya ɓata musu rai. Idan kalmar "ranar da na kira ya zo" tana ta maimaituwa, ka gano cewa saurin zuwa na cikin abin da ake nema, kuma akwai masu rubuta "gyaran firiji yau-yau".

Idan mutanen yankinka na magana da harshe fiye da ɗaya, rubuta kowace kalma a duk harsunan, har da gaurayen da ake yi a jimla guda. Da yawa suna magana da wani harshe a gida amma su yi bincike da wani, saboda sun saba a can suke samun amsa. Haka nan rubutu: mai rubuta Hausa a waya ba kasafai yake neman haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ ba, "daki" zai rubuta yana nufin ɗaki. Rubuta siffofin biyu a jadawalinka don ka gwada su daga baya, ka ga ko sakamakon ya bambanta.

Mataki na 2: haɗa aiki da wuri da yanayi

Yanzu kana da jerin ayyuka da jerin matsaloli. Yi jeri na uku, na wurare. Sunan gari, sunayen unguwannin da kake zuwa da gaske, ƙananan garuruwan da ke kewaye, manyan tituna, da fitattun wuraren da ake kwatance da su. Kula da sunan da mutane ke kiran wuri da shi a baki, domin yakan saɓa da na takardun hukuma. Wata unguwar an canza mata suna shekaru da dama amma har yau tsohon sunan ake faɗa, wata kuma gajarta ta ake yi. Wanda ake faɗa shi ake rubutawa.

Jeri na huɗu gajere ne, na kalmomin da ke nuna halin da mai binciken yake ciki: gaggawa, yanzu, cikin dare, ranar hutu, farashi, mai rahusa, amintacce, zuwa har gida, da sunan kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar Samsung ko LG. Sai ka riƙa haɗa su: aiki da wuri, matsala da wuri, aiki da yanayi. Ba duka haɗin ne zai yi ma'ana ba, kada ka damu, tankaɗe na nan tafe.

Maganar "kusa da ni" tana buƙatar ɗan bayani, don ta ɓatar da mutane da yawa. Gaskiya ne ana rubuta ta sosai. Amma idan mutum ya rubuta ta, Google yana duba inda wayarsa take ne ya kawo masa na kusa, ba ya neman shafin da aka cusa wa "kusa da ni" sau ashirin. Hasali ma ko mutum bai ambaci wuri ba, ya rubuta "gyaran firiji" kurum, Google kan ɗauka na kusa yake nema. Abin da zai sa ka fito a irin wannan bincike shi ne adireshinka ya zama daidai a rajistarka ta Google, kuma sunan gari da unguwa su bayyana a shafinka yadda mutum zai faɗe su a hira.

Mataki na 3: bar Google ya ƙarasa maka magana

Idan ka fara rubutu a akwatin bincike, Google kan jero maka hasashen yadda za ka ƙarasa. Wannan tsari ya fara ne a matsayin gwaji a 2004, ya zama na kowa a 2008, kuma hasashen daga binciken da mutane suka yi da gaske ake ɗauko shi, tare da la'akari da harshe da wurin da kake. Don haka shi ne madubi mafi sauƙi, kuma kyauta.

Buɗe tagar sirri a burauzarka domin tarihin bincikenka kada ya gurɓata sakamakon. Yi gwajin kana cikin yankin da kake aiki, kuma a waya, tunda a waya akasarin masu neman sana'ar kusa suke bincike. Rubuta kalma ɗaya daga jerinka, ka bar tazara, ka kwafe abin da ya fito. Sannan ka sa harafin a, ka duba, ka goge, ka sa b, haka har ƙarshen haruffa. Aiki ne mai gundura, na sani, amma a nan ake tsintar kalmomin da ba za su taɓa zuwa maka a rai ba. Gwada sa kalmomin tambaya a gaba: me ya sa, yaya ake, nawa ne, a ina. Gwada kuma mayar da alamar rubutu farkon jimlar ko tsakiyarta, wani lokacin hasashen yakan canza.

Bayan ka danna bincike, duba wurare biyu. Akwai akwatin tambayoyin da wasu mutane ke yi, wanda duk tambayar da ka buɗe sai wasu su ƙaru a ƙasa. Akwai kuma binciken da ke da alaƙa, can a ƙarshen shafi. Kwafe waɗanda suka shafi aikinka. Idan ka ga hasashe bai fito ba a wata kalma, musamman a harshen da rubutunsa bai yawaita a intanet ba ko a ƙaramin gari, kada ka yanke hukuncin cewa babu mai nemanta. Google ya sha faɗin cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na binciken da ake yi kullum sababbi ne da bai taɓa gani ba. Kalmar da ka ji daga bakin kwastomomi uku ta cancanci zama a jadawali ko da manhaja ta yi shiru a kanta.

Mataki na 4: duba abin da ke hannunka

Idan gidan yanar gizonka ya ɗan kwana biyu, to kana da bayanan da suka fi na kowace manhajar kuɗi, domin naka ne kai tsaye. Google Search Console, kayan aikin Google da ke nuna maka yadda gidanka ke fitowa a bincike, wanda kafin 2015 ake kira Webmaster Tools, kyauta ne. Za ka ƙara gidanka, ka tabbatar naka ne ta hanyar saka wata alama a gidan ko a bayanan adireshinsa, sai bayanai su fara taruwa. Idan ba ka yi ba, yi shi yau, ko da ba za ka duba ba sai bayan wata guda.

A rahoton ƙwazon bincike za ka ga ainihin kalmomin da aka rubuta har shafinka ya bayyana, da sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka danna, da matsakaicin matsayinsa. Yana ajiye bayanan watanni 16, kuma yana nuna layi har 1,000 a allo. Wasu kalmomin da ba kasafai ake rubuta su ba yakan ɓoye su saboda kare sirrin masu bincike, don haka jimillar ba za ta yi daidai da jerin ba.

Abin da za ka nema iri biyu ne. Na farko, kalmomin da kake matsayi na 8 zuwa na 20 a kansu. Google ya riga ya ga kana da alaƙa da su, amma kana gindin shafin farko ko a na biyu, inda ba kowa ke leƙawa ba. Ɗan gyara kan iya ɗaga su, kuma ya fi sauƙi a kan fara sabuwar kalma daga tushe. Na biyu, kalmomin da kake bayyana a kansu alhali ba ka da shafin da ya yi maganarsu kai tsaye. Idan kana fitowa a "gyaran firizar shago" ba tare da ka taɓa rubuta komai a kai ba, ga buƙata nan tana ƙwanƙwasa ƙofa. Yi amfani da matatar da ke saman rahoton ka ware kalmomin da ke ɗauke da sunan kasuwancinka, domin masu rubuta sunanka sun riga sun san ka, ba su ne kake farauta ba.

Rajistarka ta Google Business Profile ita ma tana da sashen da ke nuna kalmomin da aka rubuta aka same ka. Idan adadin bai taka kara ya karya ba, sai ta rubuta ƙasa da 15 maimakon ainihin lamba. Duk da haka jerin na da amfani, don shi ne ke nuna maka yaren masu neman ka a taswira.

Mataki na 5: lambobi, da yadda ake karanta su ba tare da sun yaudare ka ba

Sai yanzu ne lokacin Keyword Planner ya yi, wato kayan aikin Google da ke ƙiyasta sau nawa ake neman kalma a wata. Yana cikin Google Ads, dandalin tallan Google, tun 2013 da ya maye gurbin tsohon kayan aikin kalmomi. Sai ka buɗe asusun talla kafin ka shiga, kuma yana iya neman bayanan biyan kuɗi, amma ba dole ne ka kunna talla ba. Ƙofofi biyu gare shi: ɗaya ta gano sababbin kalmomi, inda za ka ba shi 'yan kalmomi ko adireshin wani gidan yanar gizo ya kawo maka makamantansu, ɗayar kuma ta auna jerin da ka riga ka tara. Bi ta duka biyun.

Abu na farko, canza wurin. Idan ka bar shi a kan ƙasa baki ɗaya, zai ba ka lambobi masu ƙayatarwa waɗanda ba su shafe ka ba. Saita shi a kan garinka ko yankin da kake iya zuwa. Harshe kuma ka bar shi a kan dukkan harsuna, don kada ya tace maka wani ɓangare na mutanenka.

Ga inda ake tuntuɓe. Asusun da ba ya kashe kuɗin talla sosai ba a ba shi takamaimiyar lamba, sai dai a ce tsakanin 10 zuwa 100, ko 100 zuwa 1,000, a wata. Lambar kuma matsakaicin watanni 12 ce, don haka tana shafe bambancin lokacin zafi da na sanyi. Yana kuma dunƙule kalmomi masu kama da juna ya ba su lamba guda. Sannan layin da aka rubuta gasa, mai cewa ƙarama ko matsakaiciya ko babba, gasar masu biyan kuɗin talla yake nufi. Ba ya gaya maka wahalar hawa saman jerin kyauta. Wanda ya fi shi amfani a wurina shi ne layin kuɗin da masu talla ke tayawa don fitowa a sama. Idan ka ga ana taya wata kalma da tsada, alama ce masu rubuta ta suna sayen aiki, domin ba mai ci gaba da zuba kuɗi a inda ba ya samun ciniki.

Kada ƙananan lambobi su karya maka gwiwa. Kasuwancin yanki ba jarida ba ce da ke neman dubban masu karatu. Kalmar da mutum talatin ke rubutawa a wata a garinka, kowannensu da firijin da ya mutu a gabansa, ta fi kalmar da dubu goma ke rubutawa a faɗin duniya don neman sanin yadda firiji ke aiki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Google Trends kuwa aikinsa daban ne. Ba ya ba da adadin bincike. Ma'auni ne daga 0 zuwa 100, inda 100 ke nufin lokacin da aka fi neman kalmar, kuma bayanansa sun faro daga 2004. Yana karɓar kalmomi da dama a kwatanta su lokaci guda. Yi amfani da shi wajen raba gardama tsakanin sunaye biyu na abu ɗaya, da kuma gano watan da buƙata ke tashi, don ka shirya shafin wanke na'urar sanyaya ɗaki wata biyu ko uku kafin zafi ya kama. A ƙaramin gari yakan ce bayanai ba su isa ba, sai ka ɗaga zuwa matakin jiha ko ƙasa. Bing Webmaster Tools, takwaran Search Console na injin binciken Microsoft, shi ma yana da sashen binciken kalmomi kyauta. Manhajojin kuɗi irin su Ahrefs da Semrush da Moz suna da kyau wajen leƙa kalmomin abokan hamayya, amma ƙiyasinsu a ƙananan wurare yakan yi rauni, kuma ƙaramin kasuwanci zai iya gama aikin nan ba tare da su ba.

Mataki na 6: leƙa gidan maƙwabta

Ɗauki kalmomi goma mafi muhimmanci, ka duba su wa ke fitowa a taswira da kuma saman jeri. Buɗe gidajensu ka lura da taken kowane shafi, da ayyukan da suka ware wa shafi na musamman, da wuraren da suka ambata. A taswira, dubi rukunin sana'ar da aka rubuta a ƙarƙashin sunansu. Google Business Profile yana ba ka damar zaɓar babban rukuni ɗaya da ƙarin wasu har tara, kuma babban rukunin na da tasiri ƙwarai a kan binciken da za ka fito a cikinsa. Idan su ukun da ke sama duk rukuni ɗaya suka zaɓa, kai kuma kana wani daban, ka sake tunani. Ka fi mai da hankali kan abin da suka bari: aikin da kake yi wanda babu wanda ya yi masa shafi.

Mataki na 7: tankaɗe

Zuwa yanzu wataƙila kana da kalmomi ɗari biyu ko uku. Yawancinsu za su tafi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a rubuta kowace kalma mai muhimmanci a Google a ga irin amsar da ya bayar, domin sakamakon shi ne ke nuna yadda Google ya fahimci niyyar masu rubuta ta. Gani ya kori ji. Idan taswira da wuraren kasuwanci suka fito, masu rubutawar na neman wanda zai yi musu aiki ne. Idan bidiyoyin YouTube da darussa suka cika shafin, so suke su gyara da kansu. Idan manyan kantunan intanet ne, sabuwar na'ura suke son saya. Idan kuma tallan guraben aiki ne ko makarantun koyon sana'a, to masu neman abin yi ne, ka goge kalmar.

Yi wa kowace kalma tambaya uku. Shin ina yin wannan aikin, kuma ina son ƙarin irinsa? Shin mai rubuta ta yana inda zan iya kaiwa? Shin waɗanda ke sama irina ne, ko kuwa manyan kundayen adireshi ne da jaridu da ba zan iya ture su ba a bana? Ƙara layi biyu a jadawalinka, ɗaya na niyya, ɗaya na daraja daga 1 zuwa 3, kuma ka auna darajar da ribar aikin, ba da yawan masu bincike ba. Kwangilar kula da na'urorin ofis guda ɗaya tana iya fin gyara hamsin.

Kalmomin masu son gyara da kansu kada ka zubar da su duka. Wanda ya rubuta "me ya sa firiji ke ƙara" yau, idan ya karanta bayaninka ya gano matsalar ta fi ƙarfinsa, gobe kai zai kira. Sai dai ka sa su a sahu na biyu, bayan ka gama da shafukan ayyuka, kuma ka sani irin waɗannan shafuka za su jawo masu karatu daga nesa da ba za su taɓa zama kwastomominka ba.

Mataki na 8: kowane rukuni da shafinsa

Haɗa kalmomin da buƙatarsu ɗaya ce wuri guda. "Gyaran firiji", "mai gyaran firiji", "inda ake gyara firiji" duk shafi ɗaya ne. Tun daga gyaran da ya yi wa tsarin bincikensa mai suna Hummingbird a 2013 zuwa mai suna BERT a 2019, Google yana ƙara ƙwarewa wajen gane ma'anar jimla maimakon ƙirga kalmomi, don haka ba sai ka yi wa kowace siffa shafinta ba. Idan kana shakkar ko kalmomi biyu na rukuni ɗaya ne, bincika su duka ka kwatanta: idan yawancin shafukan da suka fito iri ɗaya ne, haɗa su, idan sun bambanta, raba su.

Shafin farko na gidanka ya ɗauki babbar sana'ar da sunan gari. Kowane babban aiki ya sami shafinsa. Kada shafi biyu su yi takara a kan kalma ɗaya, domin Google zai riƙa musanya su, kowanne ya raunana ɗan'uwansa. A jadawalinka, rubuta adireshin shafin a gaban kowane rukuni.

Shafukan wurare su ne tarkon da ya fi kama mutane. Sai ka ga an kwafi rubutu ɗaya sau talatin, ana canza sunan unguwa kawai. Ƙa'idojin Google sun ambaci wannan a fili a cikin ayyukan yaudara, haka ma jera sunayen garuruwa a gindin shafi don neman matsayi. Yi wa wuri shafi ne kawai idan kana da abin faɗa a kansa: reshe gare ka a can, ko hotunan ayyukan da ka yi, ko sharhin kwastomomin wurin, ko bayanin ranakun da kake zuwa. In babu, ambaton sunan a shafin aikin ya wadatar.

Wajen sanya kalmar, babbar kalmar rukunin ta shiga taken shafi, wanda Google kan datse shi idan ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, ta shiga babban kanun da ke saman rubutu, da sakin layin farko. Sauran kalmomin rukunin su shigo inda magana ta kawo su, a ƙananan kanu da amsoshin tambayoyi. Karanta shafin da ƙarfi; duk inda ka ji ba haka za ka faɗa wa kwastoma a baki ba, gyara. Akwai wani ɓoyayyen gurbi a bayan shafi da a da ake jera kalmomin bincike a ciki, kada ka ɓata lokaci a kansa, tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da shi. A rajistarka ta taswira kuwa, cika sashen ayyuka da bayanin kasuwanci, mai ɗaukar haruffa 750, da yaren da ka tattaro. Amma kada ka liƙa kalmomin bincike a jikin sunan kasuwancinka. Za ka ga wasu na yi, wani lokacin ma yana ɗaga su na ɗan lokaci, sai dai ya saɓa ƙa'ida, kuma yana iya jawo a dakatar da rajistar baki ɗaya.

Bayan wata uku, koma Search Console ka kwatanta watannin da suka wuce da waɗanda suka gabace su. Duba shafin da bayyanarsa ta ƙaru amma ba a danna shi, wannan takensa ne ke buƙatar gyara. Duba sababbin kalmomin da suka ɓullo ka ƙara su a jadawali. Idan za ka auna matsayinka da ido, ka tuna sakamakon taswira yana canzawa daga unguwa zuwa unguwa, don haka binciken da ka yi kana zaune a wurin aikinka zai nuna ka a sama fiye da yadda na nesa ke ganinka. Kayan gwajin talla da ke cikin Google Ads yana ba ka damar saita wani wuri ka ga abin da mutanen can ke gani. Littafin nan na kusa da waya kuma kada ka ɗauke shi. Ƙara masa tambaya ɗaya ga duk sabon kwastoman da ya ce a intanet ya same ka: me ka rubuta?